Kan Saƙon Shagon Katifa

A shagon katifar da ke bakin babban titi, can ƙurya, bayan tulin filo da ya kusa taɓa silin, akwai wani ɗan tebur da ba ya ɗaukar komai sai kwamfuta da kofin shayi. Teburin Auta ke nan. Matar ta haura talatin, da mijinta da 'ya'yanta biyu, amma a shagon nan har gobe Auta ce, wadda in biro ya ɓata ita ake cewa ta tashi ta nemo.

Kusan a ce cikin katifa aka haife ta. Babansu da hannu ya fara sana'ar, yana dukan auduga da sanda, yana cusawa, yana ɗinkewa da basilla, har Allah ya buɗa masa ya koma sayar da ta soso. Tun tana rarrafe ta saba da warin sabon soso da ƙarar leda. Da ta gama makaranta ba a tambaye ta abin da take so ba, aka ɗora ta a bencin bakin ƙofa ta riƙa rubuta rasit. Shekaru ta yi a bencin nan tana kallon manyan mutane da furfurarsu suna faɗawa kan katifa suna tashi, suna danna ta da gwiwa, suna shinshina ta, sannan su ce bari su je su dawo. Ta tsani bencin, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ita ta kai kanta wani ajin koyon zane a kwamfuta na ƙarshen mako, kuma duk wanda ta rubuta wa rasit sai ta roƙi adireshin imel ɗinsa. Bayan rasuwar Baba, da babban wansu ya karɓi shagon, ta yi ta yi masa naci har ya gaji ya ce a ba ta ƙurya ta yi abin nata, ko a huta da bakinta.

Abin nata shi ne saƙon talla da shagon ke aika wa masu saye ta imel duk mako. A cikin saƙon kuma, inda ta fi zuba ranta shi ne kansa, wato ɗan filin nan na sama da ido ke fara sauka a kai da zarar an buɗe. Ta san abin da ya kamata ya zauna a wurin: tambarin shago ɗan ƙarami, magana ɗaya gajeriya mai faɗin abin da aka zo da shi, da wuri ɗaya da mutum zai danna. Mai buɗe saƙo a waya ba zaune yake yana jiranka ba. Yana cikin mota ne, ko yana jiran shayinsa ya huce, in bai ga abin da ya shafe shi ba kafin ya ƙifta ido, ya wuce abinsa.

Sanin abu daban, a bar ka ka yi daban. A shagon akwai wata ɗabi'a da suka gada. Tun Baba na raye, babu takardar da ke fita da sunan shagon, ko ta allo ce ko ta talla, sai ta zaga hannun manya, kowa da bironsa. Shi Baba wayo ya yi musu: ya ji ta bakin kowa, ya yi godiya, sannan ya je ya yi abin da ya ga dama. Da ya rasu sai zagayen ya zauna daram, mai cewa ya isa haka kuma babu shi. Saƙon imel ma, wanda ba a yi shi don takarda ba, dole Auta ta fitar da shi a firinta, ta kai wa Yaya a ofishinsa, daga nan ta kai wa Kawu, ƙanin mamarsu mai kula da sito, daga nan ta kai wa Anti, matar Yaya, mai ɗinkin labule a shagon da ke jikin nasu. Duk wanda aka miƙa wa takarda gani yake in ya mayar da ita bai ƙara komai ba, ya yarda ke nan ba shi da ta cewa. Ƙari kowa ya iya. Ragi kuwa ba a taɓa jin wanda ya yi ba.

Haka kan saƙon ya yi ta tsawo. Can sama hoton Baba ne, ƙato, yana tsaye gaban tsohon shago, hannu ɗaya kan katifa, ya ɗaure fuska tamau. Ƙarƙashinsa gaisuwar Yaya ce ga ɗimbin abokan hulɗa masu daraja na kusa da na nesa, da sunansa da muƙaminsa. Sai lambobin waya: tasa, ta sito, ta direba, da wata da aka daina amfani da ita tun tuni amma Yaya ya ce mutane sun saba ganin ta. Sai taswirar zuwa sito wadda Kawu ya zana da hannunsa, kibiyoyi ta ko'ina. Sai labulen Anti. A takarda, wallahi, abin yana da kyau, kamar katin gayyata. A waya kuwa sai babban yatsa ya gaji da turawa kafin a ga katifa ɗaya.

Auta ta san haka ne domin a wayar Mama take gwadawa. Wayar Mama ita ce mafi ƙanƙanta kuma mafi nawa a dangin, in abu ya fito daidai a cikinta to zai fito ko'ina. Shi ya sa ta buɗe mata imel ta sa ta cikin masu samun saƙo. Mama ba ta damu da rubutun ba, idon ma ya yi rauni, amma duk ranar da wayar ta yi ƙara sai ta goge hannu ta ɗauka, ta ce, "To, ga babanku ya iso." Auta takan yi dariya ta karɓi wayar ta ci gaba da ƙirga abin da ya yi yawa.

Wata safiya Yaya ya kira ta ofis. Bai ɗago kai daga takardun gabansa ba.

"Auta, zauna. Motar filo na tafe, ba ni da inda zan zuba su sai ƙuryar nan taki. Saƙon nan naki, tun da aka fara, nuna min mutum ɗaya da ya shigo ya ce shi ya kawo shi."

"Yaya, ai ba sa kaiwa ga katifar ne. Kafin su..."

"Rangwamen ƙarshen wata na zuwa. Ki aika. In mutane sun zo, tebur naki ne. In ba su zo ba, benci na nan, babu wanda ya ɗauke shi."

Ta ciro wayarta ta buɗe saƙon makon jiya ta miƙa masa, ta ce don Allah ya gani da idonsa yadda mai saye ke gani, ba a takarda ba. Yaya ya riƙe wayar can nesa da fuska, ya tura, ya sake turawa, ya kuma turawa. Sai ya yi murmushi.

"Kin gani ko? Mutum zai daɗe yana kallonmu. Ai talla ke nan."

"Yaya, abin ya yi yawa. Kowa ya sa hannu."

"Hannu da yawa maganin ƙazamar miya," in ji shi, ya miƙo mata wayarta.

Ji ta yi kamar ta ciji wayar. Ta koma ƙurya ta zauna, takaici ya cika ta. Sai ta buɗe sabon shafi ta yi abin da ta daɗe tana yi a zuciyarta. Farin fili. Tambari a kusurwa. Magana ɗaya da manyan baƙaƙe: Katifarka ta lotsa? Mun yi ragi har ƙarshen wata. Hoton katifa guda, da wurin dannawa, da ɗan layi mai cewa a nuna saƙon a shago a sami ragin. Ta duba a waya, komai ya fito a kallo ɗaya, ba sai an tura ba. Ya yi mata kyau har ta ji tausayinsa, domin ta san hannuwan da zai shiga.

Wannan karon ba ta miƙa takarda ta tsaya jira ba. Da ƙafarta ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana roƙo kowa ya janye nasa na mako ɗaya tak. Yaya ya ce shi ba shi da matsala, in Kawu ya cire nasa. Ta sami Kawu a sito, zaune kan wata katifa da ta ƙi sayuwa, rediyo a kunne.

"Taswirar nan ni na zana ta," in ji shi. "In aka cire, mutane su bi ta ina?"

"Kawu, ai masu saye ba sa zuwa sito. Shago suke zuwa."

"To ai shi ya sa! Ba su san hanya ba." Ya rage ƙarar rediyon ya dube ta da tausayi. "'Yata, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma ba zan hana ki ba. In 'yar'uwata ta yarda a sauke mijinta daga sama, ni wane ne? Taswira ta bi shi."

Anti tana durƙushe tana auna yadi, allurai a baki. Ta tofar da su a tafin hannu ta ce, "Ni labulena ɗan mitsitsi, wa ya tare wa hanya? Amma in har aka cire Baba, ai kunya ma ba za ta bar ni in bar labule ba." Da Auta ta koma wurin Yaya, shi ma waƙar da ya rera ke nan. Dukansu sun jingina kayansu da hoton mamaci sun koma gefe, domin sun tabbata babu ɗan da zai iya zuwa gaban uwarsa da wannan magana. Su ma kansu ba za su iya ba.

Ita ma ɗin sai da ta kwana biyu tana juya abin. Amma duk sanda ta shigo shago ta ga bencin nan a bakin ƙofa, da littafin rasit a kai, sai ta ga ba ta da zaɓi. Da yamma ta tafi gidan Mama. Ta same ta a ɗaki tana ninke wanki, zaune bakin tsohuwar katifar auduga da Baba ya ɗinka da hannunsa. Uwar masu shagon katifa ce, amma an yi an yi ta karɓi ta soso ta ƙi. Auta ta gaishe ta, ta tambayi ƙafa, ta tambayi maƙwabta, ta koma kan ƙafar.

"Ke, faɗi abin da ya kawo ki," in ji Mama. "Kin ishe ni da kewaye-kewaye."

Ta faɗa, kanta a ƙasa. Mama ta ci gaba da ninke zanen da ke hannunta har ta gama, ta ɗora shi kan sauran, ta shafa shi.

"In ba a cire ba sai su mayar da ke benci?"

"Haka Yaya ya ce."

"Cire shi."

"Mama, na mako ɗaya ne kawai, in..."

"Na ce cire shi. Babanku ma ba son hoton nan yake ba. Ranar takalmi ke matsa masa, shi ya sa ya ɗaure fuska. Ga wani can a bango, ya ishe ni."

Daɗi ya kama Auta har ba ta tsaya ta dubi fuskar uwarta da kyau ba. Ta yi godiya, ta fita da sauri kamar wadda ake tsoron a kira ta a ce an fasa.

Washegari da ta kai labari shago, babu wanda ya yarda. Yaya ya buga wa Mama waya a gabanta, ya ji da kunnensa, ya ajiye. Kawu ya ce to, shi dai ya faɗi nasa. Ranar ne karo na farko a tarihin shagon da takarda ta zaga ta dawo fes, ba ɗigon biro. Auta ta aika saƙon da hantsi, ta zauna tana kallon ƙofa.

Kafin azahar mutum na farko ya shigo riƙe da waya a sama kamar mai neman hanya. Sai wata mata da 'yarta mai shirin aure. Sai wasu malamai biyu daga makarantar kwana. Kwanakin nan direba bai zauna ba, Yaya da kansa ya tuɓe babbar riga yana ɗaukar katifa a ka, gumi na zuba. Wata dattijuwa ta tsaya gaban tebur ta nuna wayarta ta ce, "Ashe katifa kuke sayarwa? Ni duk na ɗauka ta'aziyya kuke ta aiko min, nake ta yi wa bawan Allah addu'a." Auta ta sunkuyar da kai don kar Yaya ya ga dariyarta. Kwalliya dai ta biya kuɗin sabulu, kuma kowa ya gani.

Da murnarta ta je ta ba Mama labari. Ta yi sallama ba a amsa ba, ta leƙa. Mama na zaune bakin katifa da wayar a hannu, saƙon a buɗe. Tana jan shi ƙasa da yatsa, tana neman abin da ke sama. Saƙon ya ɗan motsa ya koma. Ta sake ja, ya sake komawa.

"Mama, me kike nema?"

Mama ta yi firgigit ta kife wayar a cinya. "Ba komai. Hannu ne ya saba."

"Ai ga na bango," in ji Auta a hankali.

"Wancan a rataye yake," in ji Mama. "Wannan zuwa yake yi." Ta faɗa ne kamar mai zancen farashin sabulu, sannan ta tambayi yara. Duk labarin da Auta ta ƙunso ya maƙale mata. Ta ji kunya, ta ji zafi, ta kuma ji haushin kanta da ta yi shekaru tana jin ana cewa ga babanku ya iso tana ɗauka wasa ne. A hanyar gida ta yanke shawara: mako mai zuwa za ta mayar da hoton, ƙarami, a gefe, inda ba zai tare komai ba. Ta ma riga ta ga wurin a ranta.

Ranar Litinin Yaya ya kira ta, fuska a sake. Ya ce filo sito za su, tebur nata ne, shi dama ya san za ta iya. Ta yi godiya. Ta fitar da saƙon sabon mako a firinta yadda aka saba, da niyyar in ya dawo ta kawo zancen hoton. Takardar ta tafi da safe ta dawo bayan azahar, baƙi ƙirin da biro.

"Tunda yanzu mutane suna karantawa," in ji Yaya yana nuna mata da yatsa, "ai yanzu ne ya kamata su ga komai. Da asara muke yi."

Gaisuwa ta dawo, har da ƙarin godiya ga waɗanda suka halarci rangwame. Lambobi sun dawo, har da matacciyar. Taswirar Kawu ta dawo da sabuwar kibiya. Can sama kuwa, a babban filin nan da ya zama fanko, Anti ta zana akwati ta rubuta a ciki: labule, babba. Auta ta bi takardar daga sama har ƙasa, ta juya bayanta, ta sake bi.

"Yaya, hoton Baba fa?"

"Wane hoto? Ba ke kika ce yana tare hanya ba? A gaban kowa kika faɗa. Mama ma ta ce a cire." Ya mayar da biro aljihu. "Kar ki mayar da mu baya, Auta. An ci gaba."

Me za ta ce? Da bakinta ta yi hujjar, kuma hujjar ta ci. Takardar nan tana zaga hannun kowa ya rubuta son ransa, ban da mai ɗaukar ta, domin a zagayen ba a taɓa ba Auta biro ba. Ta koma ƙuryar da ta sha wahalar riƙewa, ta zauna a teburin da yanzu nata ne halak malak, ta shiga mayar da kayan mutane ɗaya bayan ɗaya. Shayinta ya huce ba ta sha ba.

Da yamma tana ɗakin Mama lokacin da wayar ta yi ƙara. Mama ta goge hannu ta ɗauka, amma yau ba ta ce ga babanku ya iso ba. Labule ne ya cika fuskar wayar, ja mai furanni. Ta ja shi ƙasa sau ɗaya, ya koma.

"Mama, ki yi wa Yaya magana," in ji Auta. "Ke kaɗai zai ji. Ki ce a mayar."

"In ce a cire, in dawo in ce a mayar? Su ce dama ke kika tilasta min, su huce a kanki? A'a." Ta dubi 'yarta. "Sun dai bar miki teburin ko?"

"Sun bar min."

"To madalla," in ji Mama. Ta tura wayar ƙarƙashin filo, ta jawo kwandon wanki gabanta, ta miƙo wa Auta bakin zanen gado ta ce ta kama su ninke.